Ihu Ba Ƙuri'a Ba Ne

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai da matasan ma'aikata, mu 'yan Kebbe da Tambuwal da ke neman ilmi a wannan jami'a muna da wata tambaya da muka daɗe muna yi wa junanmu, har yau kuwa ba mu sami mai amsa mana ita ba. Tambayar ita ce: cikin dokokin da Majalisar Tarayya ke zartarwa, wacce wakilinmu ya goyi bayanta, wacce kuma ya ƙi? Duk wanda ke ganin tambayar mai sauƙi ce, to ya juya ta a kan tasa mazaɓar, ya gani ko zai iya amsawa. Mun tabbata ba zai iya ba, kuma laifin ba nasa ba ne. Laifin yana ga hanyar da Majalisar ke bi wajen yanke shawara, watau ƙuri'ar murya.

Muna da hurumin yin wannan magana. Mazaɓarmu ce ta ba ƙasar nan Shugaban Majalisar Wakilai, Alhaji Aminu Waziri Tambuwal, wanda ya wakilce mu daga 2003 zuwa 2015. Ran 6 ga Yuni, 2011 aka zaɓe shi shugaba, ya sami ƙuri'a 252, abokiyar takararsa Mulikat Akande-Adeola ta sami 90. A lura da waɗannan alkaluma, domin za mu koma kansu. A wannan rana ba wanda ya ce a yi ihu a auna wanda muryarsa ta fi ƙarfi. Da yake kujerarsu ce ake magana a kanta, sai da aka ƙirga ɗaya bayan ɗaya.

Kafin mu ci gaba, ya kamata mu bayyana yadda Majalisar ke tafiyar da aikinta, don kada a ce muna sukar abin da ba mu sani ba. Majalisar Tarayya gida biyu ce: ta Dattijai mai mutum 109, da ta Wakilai mai mutum 360, 11 daga cikinsu daga Jihar Sakkwato. Sashe na 63 na tsarin mulkin 1999 ya wajabta wa kowace ta zauna aƙalla kwana 181 a shekara. Bisa al'ada ana babban zama ran Talata da Laraba da Alhamis. Idan aka shigo da sandar Majalisa aka ajiye, sai a yi addu'a, a amince da rahoton zaman da ya gabata, a karanta sanarwa da wasiƙu, a karɓi koke-koken jama'a, a saurari batutuwan gaggawa, sa'an nan a shiga ayyukan da aka jera a takardar aikin yini.

Shi kuwa shirin doka, tsani ne mai matakai. A karatu na ɗaya sunansa kaɗai ake ambata. A karatu na biyu ake muhawara kan manufarsa. Daga nan sai a miƙa shi ga kwamiti, wanda zai duba shi, ya kira jama'a su faɗi ra'ayinsu, ya kawo rahoto. Sai dukan Majalisa ta zama kwamiti guda, ta bi shi sashe sashe, kana a yi karatu na uku a zartar. Sa'an nan a aika wa ɗaya gidan, shi ma ya bi waɗannan matakai. In an sami bambanci, sai a kafa kwamitin haɗin gwiwa ya daidaita. Akawun Majalisar Tarayya ya tabbatar da kwafi, a kai wa Shugaban Ƙasa. Sashe na 58 ya ba shi kwana 30 ya sa hannu ko ya ƙi. In ya ƙi, kowane gida na iya sake zartarwa da rinjayen kashi biyu cikin uku, shirin ya zama doka ba da hannunsa ba, kamar yadda aka yi wa Shugaba Obasanjo a 2000 kan dokar hukumar raya yankin Neja Delta.

Wannan tsari mai kyau ne, ba mu da ja a kansa. An yi matakan ne don kada a ɗora wa talaka doka yana barci. Amma a ƙarshen kowane mataki akwai tambaya, kuma a nan gizo ke saƙar. Shugaba zai ce masu goyon baya su amsa, sai a yi ihu. Ya ce marasa goyon baya su amsa, sai a sake ihu. Sa'an nan ya buga guduma, ya faɗi ɓangaren da kunnensa ya ce ya yi rinjaye. Ba a ƙirga kowa ba, ba a rubuta sunan kowa ba. Wanda ya amsa, da wanda ya yi shiru, da wanda ke harabar Majalisa yana waya, da wanda ma bai zo Abuja ba, duk ɗaya suke a littafi. Sashe na 54 ya ce kashi ɗaya cikin uku sun isa a yi zama, watau mutum 120 a Majalisar Wakilai. Ke nan mutum 61 na iya ɗaure ƙasa sukutum da doka. To, su wane ne su? Ba mai iya faɗa.

Inda ba a ƙirga, ba abin da ke hana gudu. Ran 3 ga Yuni, 2015, ana gab da rufe Majalisa ta bakwai, Majalisar Dattijai ta zartar da shirin doka 46 cikin kimanin minti 10. A watan Mayun 2024, Majalisar Wakilai ta yi wa shirin komawa ga tsohon taken ƙasa karatu na ɗaya da na biyu da na uku a yini guda, ran 29 ga watan kuma aka sa masa hannu. Alhali kuwa dokar 'yancin samun bayanai, wadda ta ba talaka ikon tambayar gwamnati takardunta, ta shiga Majalisa a 1999, ba ta zama doka ba sai 2011. Dokar masana'antar man fetur ta fara tafiya a 2008, sai 2021 ta isa. Ashe Majalisa na da ƙafa biyu, ta barewa da ta hawainiya, kuma ba mu ne ke zaɓar wadda za ta taka ba.

Mafi muni shi ne abin da ya auku a watan Maris, 2025. Ran 18 ga watan Shugaba Tinubu ya kafa dokar ta-ɓaci a Jihar Ribas, ya dakatar da gwamna da majalisar jihar wata 6. Sashe na 305 ya ce sai kashi biyu cikin uku na dukan 'yan kowane gida sun goyi baya, watau wakilai 240 da dattijai 73. Wannan lissafi ne, ko ɗan firamare ya san lissafi ba a yin sa da kunne. Duk da haka ran 20 ga watan gidajen biyu suka amince da ƙuri'ar murya. An ce mana wakilai 243 sun sa hannu a rajistar halarta. Mu kuwa muna cewa, zuwa ɗaurin aure daban, ba da 'ya daban. Sa hannu a rajista shaida ce cewa mutum ya shigo, ba ta nuna abin da ya zaɓa. Ba muna nan don kare wani gwamna ba ne, Ribas ta yi mana nisa. Amma in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Makogwaron da ya isa a dakatar da zaɓaɓɓu a Fatakwal, ya isa a yi haka a Sakkwato.

Daga nan sai magana ta dawo gida. Ran 26 ga Yuni, 2025 aka sa hannu a kan sababbin dokokin haraji guda 4, waɗanda suka shafi albashin kowane ma'aikaci da cinikin kowane ɗan kasuwa. A watan Disamba na shekarar, wakilin da Kebbe da Tambuwal suka zaɓa a 2023, Alhaji Abdussamad Dasuki, ya miƙe a zauren Majalisa ya ce abin da aka buga a jaridar dokokin gwamnati ya saɓa da abin da wakilai suka zartar. Majalisa ta kafa kwamitin bincike, daga baya kuma shugabanninta suka ba da umarni a sake buga dokokin. Ba mu ne za mu yanke hukunci a kan wanda ya yi daidai ba. Abin da ya tayar mana da hankali shi ne, har a iya yin gardama a kan abin da Majalisa ta zartar, wata shida bayan sa hannu. In wakili da kansa sai ya bi ofis ofis yana neman takardu kafin ya gane dokar da aka yi a gabansa, ina labarin manomin Kuchi, ko malamin firamare a Girkau, ko mai awon hatsi a kasuwar Dogon Daji, waɗanda dokar za ta hau kansu?

Kada kuma wani ya ce ƙirga ba ta canza kome. Ran 15 ga Yuli, 2021, da ake gardama a Majalisar Dattijai kan aika sakamakon zaɓe ta na'ura, Sanata Enyinnaya Abaribe ya ƙi yarda da hukuncin murya, ya nemi a ƙirga. Aka kira sunaye, kowa ya tashi ya faɗi matsayinsa. Mutum 52 suka goyi bayan ɗaure hannun hukumar zaɓe da sharaɗi, 28 suka ƙi, 28 ba su nan. Kashegari jaridu suka buga sunayen, jama'a suka yi caa a kan dattijansu. A watan Oktoba na wannan shekara Majalisar ta janye matsayinta. Mutanen dai su ne, ba su sake hali cikin wata uku ba. Abin da ya sake shi ne an san sunan kowa.

Mun san hujjojin masu kare ƙuri'ar murya. Na farko, sun ce ƙirga mutum 360 ɓata lokaci ne. To, majalisar wakilan Ingila, wadda muka kwaikwayi al'adunta, mutum 650 ne, suna tashi a ƙirga su, a buga sunayensu. Tsarin mulkin Amurka, wanda muka ɗauko fasalinsa a 1979, ya ce in kashi ɗaya cikin biyar na waɗanda ke zaune suka nema, tilas a rubuta ƙuri'ar kowa. A nan gida ma, ran 1 ga Maris, 2022, Majalisar Tarayya ta yi ƙuri'a da na'ura kan gyaran tsarin mulki har 68 a yini guda. Na'urar kuwa da kuɗinmu aka saye ta. Na biyu, sun ce in aka bayyana suna, fadar Shugaban Ƙasa ko uwar jam'iyya za ta huce a kan wakili. Amsarmu gajera ce. Manya sun riga sun san wanda ke tare da su, mu ne kaɗai aka ɓoye wa. Wanda kuwa ke tsoron a san ra'ayinsa, me ya kai shi neman wakilci? Ran 20 ga Nuwamba, 2014, da 'yan sanda suka rufe ƙofar Majalisa suka watsa barkonon tsohuwa don hana Tambuwal shiga, duniya ta ga wakilai da manyan riguna suna haura shinge. Wanda ya iya haura shinge a gaban bindiga, ai bai kamata ɗaga hannu ya gagare shi ba. Mun yarda cewa ƙananan al'amura, kamar amincewa da rahoton jiya ko ɗage zama, murya ta ishe su. Haraji da bashi da kasafi da dokar ta-ɓaci kuwa, sam.

Amma fa mu ma da namu laifin, laifi kuwa tudu ne. In wakili ya zo gida da Salla, me muke tambayarsa? Takardar neman aiki, da kuɗin rajista, da babur, da buhun shinkafa. Wane ne cikinmu ya taɓa tsayawa a zaurensa ya ce, ranka ya daɗe, yaya ka yi ƙuri'a a kan dokar haraji? Iyayenmu a Margai da Sanyinna suna da uzuri, gama da Turanci ake zaman. Sashe na 55 ya yi alkawarin za a yi aikin Majalisa da Hausa da Ibo da Yarabanci in an yi isasshen tanadi. Tun tsarin mulkin 1979 ake ɗauke da wannan alkawari, alhali majalisar Jihar Arewa a Kaduna ta yi muhawara da Hausa tun kafin mulkin kai. Mu da aka sayar da gero da awaki aka kai mu makaranta, ba mu da wannan uzuri.

Bisa ga haka muke kira ga abubuwa huɗu. A gyara ƙa'idojin gidajen biyu, ta yadda duk karatu na uku, da duk batun kuɗi, da duk abin da tsarin mulki ya yanka wa adadi, sai an ƙirga an rubuta suna. A riƙa buga rajistar halarta da ƙuri'ar kowane wakili a ƙarshen kowane mako. A fitar da kwafin da Majalisa ta zartar a bainar jama'a tun ranar da aka aika wa Shugaban Ƙasa. A kuma fassara taƙaitaccen bayanin kowace babbar doka da Hausa, a karanta a rediyo.

Namu aikin ba ya jiran Abuja. Muna roƙon Ƙungiyar Ɗalibai ta kafa kwamitin da zai riƙa bin zaman Majalisa, yana liƙa abin da ya gani a allon sanarwa da kuma shafukan wannan mujalla. Kowace ƙungiyar ɗaliban ƙaramar hukuma ta rubuta wa wakilinta wasiƙa cikin ladabi, ta tambaye shi matsayinsa a kan dokokin da suka shafe mu, ta buga amsar, ko kuwa ta buga cewa bai amsa ba. Mu 'yan Kebbe da Tambuwal za mu fara da namu. Idan kuma masu neman kujera suka zo yaƙin zaɓe, mu tsaya a gaban dattawan garinmu mu tambaye su, ko sun yarda a ƙirga ƙuri'arsu da sunansu. A rumfar zaɓe ana duba katinmu, a duba yatsanmu, a ƙirga mu ɗaya ɗaya a cikin rana. Abin da aka yi mana kafin su tafi, shi muke so a yi musu bayan sun isa.

Allah ya sa mu dace, amin.