Lasin Kafin Makulli: Shawara Ga Iyaye Mata Kan Babur Na Farko

 

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a wannan mako shi ne wata magana da maƙwabciyata ta kawo mini. Ta kwashi adashi, ta haɗa da 'yan kuɗin da ta tara na ɗinki, tana so ta saya wa ɗanta babur. Yaron shekarunsa 15, makarantarsu da nisa, kuɗin Adaidaita Sahu kuwa ya gallabe su. Ta ce mini, "Malama, ke da kike hawa, wane iri kike ganin ya kamata in saya masa?" Na ce mata, "Yaya, kafin mu je ga wane iri, bari mu fara da wane lokaci." Na ga alamar ba ta ji daɗin amsar ba, shi ya sa na ce bari in kawo maganar wannan fili, domin na san ba ita kaɗai ce take wannan tunani ba.

Ba na ganin laifin uwar da take son sauƙaƙa wa ɗanta. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kuɗin mota ya zama nauyi a kan kowane gida. A Kano kuwa tun watan Janairu na 2013 aka hana acaɓa, saboda haka wanda ba shi da abin hawa nasa na kansa sai dai ya jira ɗan sahu ko ya taka da ƙafa. Ni kaina da babur nake zuwa aiki, na kuwa san amfaninsa. Amma na san wani abu kuma. Akwai wani yaro da na koyar a aji shida, mai ƙoƙari ƙwarai wajen lissafi. Yana da shekara 14 aka saya masa babur don murnar ya shiga sakandare. Bai yi wata uku ba ya bi 'yan rakiyar amarya, ana tsere ana sakin hannu, ya haɗu da wata mota a kwana. Allah ya yi da sauran kwanansa, amma ya bugu a ka, har yau maganarsa ba ta fita sosai, karatu kuwa ya tsaya. Duk ranar da na haɗu da mahaifiyarsa, abu ɗaya take faɗi, wai ita ce ta matsa wa maigidan har ya saya.

To, 'yan'uwa, me doka ta ce? A Nijeriya ba a ba wa mutum lasin tuƙi sai ya cika shekara 18. Babur ma yana da nasa lasin, shi ne aji na "A". Mutane da yawa sun ɗauka lasin na masu mota ne kawai, babur kuwa kamar keke ne, kowa ya iya daidaita shi sai ya hau titi. Wannan kuskure ne. Yaro ɗan shekara 13 ko 15 da kuke gani ya ɗauko ƙannensa uku yana ratsa motoci, karya doka yake yi, wanda ya ba shi makulli kuma shi ne ya sa shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa haɗarin hanya shi ne ya fi kowace cuta kashe yara da matasa daga shekara 5 zuwa 29 a duniya. Wanda yake kan babur kuwa ba shi da bango ba shi da rufi, jikinsa ne ke karɓar duka.

Wata za ta ce, ai ɗana ya iya, har ya fi babansa gwaninta. Ƙwarai, hannun yaro yana saurin koyo. Abin da bai nuna ba tukuna shi ne hankalin auna nisa da gudu, da haƙurin jira, da iya cewa abokai a'a in sun zuga shi. Ku yi wannan ɗan lissafi. Babur mai gudun kilomita 60 a awa yana cin wajen mita 17 cikin daƙiƙa ɗaya. Watau kafin yaro ya waiwaya ya amsa gaisuwar abokinsa ya dawo da ido kan hanya, ya wuce tsawon ɗakunan karatu biyu. In kuma aka ninka gudu sau biyu, nisan da babur zai ci bayan an taka birki yakan ninku sau huɗu. Ɗan shekara 14 ba ya wannan lissafi, shi dai a ce ya wuce kowa.

Idan yaro ko yarinya suka cika shekara 18, neman lasin ba wani abin tsoro ba ne. Da farko a je ofishin ba da lasin na jiha a karɓi takardar izinin koyo, a kuma liƙa alamar "L" a jikin babur don masu mota su san ɗan koyo ne. A koya a fili, a hannun babban mutum mai natsuwa wanda shi ma yake da lasin. A nemi littafin dokokin hanya a karanta alamomin titi kamar yadda ake karatun jarrabawa. In hannu ya faɗa, sai a je wurin jami'an VIO, watau masu duba lafiyar ababen hawa, su yi gwaji. Daga nan a biya kuɗi ta hanyar da hukuma ta tsara, a tafi da lambar NIN ta shaidar ɗan ƙasa zuwa ofishin Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, a ɗauki hoto da zanen yatsu. Za a ba da takardar wucin gadi ta kwana 60 kafin katin ya fito, kuma akan yi na shekara 3 ko 5. Ina jan kunnenku game da 'yan kai-da-kawo masu cewa kawo hoto da kuɗi, gobe a kawo miki lasin har gida. Lasin da mai shi bai je an ɗauki yatsunsa ba, jabu ne, ranar da aka kama shi kuwa ga asarar kuɗi ga kunya.

Yanzu sai mu zo ga tambayar maƙwabciyata, watau wane iri. Shawarata ita ce a fara da ƙarami. Girman injin babur da si-si ake auna shi, mai koyo kuwa 100 zuwa 110 ya ishe shi. Irin wanda muke kira roba-roba, kamar Lifan da 'yan'uwansa, shi ya fi dacewa da farawa, musamman ga 'ya mace. Ba shi da kulaci na hannu, ba shi da nauyi sosai, ba ya shan mai, tsakiyarsa kuma a buɗe take, ba sai an ɗaga ƙafa an haye tanki ba. Wannan siffa ba sabuwa ba ce. Kamfanin Honda na ƙasar Japan ya fito da irinta a 1958 da sunan Super Cub, zuwa 2017 kuwa an ƙera fiye da miliyan 100. Abin da duniya ta hau haka, ba abin rainawa ba ne. Su Bajaj Boxer da Jincheng suna da ƙarfi da juriyar hanyar ƙauye, amma suna da kulaci, sun fi tsayi, sun fi dacewa da wanda ya riga ya goge. Idan yaro ya ce shi roba-roba na mata ne, babba yake so, to ya nuna miki da bakinsa cewa burga yake nema.

Ranar saye a tafi da wanda zai hau. Ya zauna a kai, a ga ko ƙafafunsa biyu suna taɓa ƙasa sosai. A kwantar da babur a hankali a ga ko zai iya ɗaga shi shi kaɗai. A kuma tambayi makanikan unguwa ko ana samun kayan gyaransa a kusa, domin babur ɗin da za a jira wata guda kafin a samo masa ɗan ƙarfe ɗaya wahala ce.

In na hannu za a saya, a ƙara sa ido, domin araha ba ta ado. A tafi da makanike amintacce ya tayar da injin da sanyinsa, ya duba ko yana hayaƙi ko yoyon baƙin mai, ya gwada birkin gaba da na baya, ya duba tayoyi, da sarƙa, da fitila, da sigina, da madubai biyu. Abin da ya fi kowanne muhimmanci shi ne takardu. A ga rasit na asali, a gwada lambar injin da lambar jikin babur da abin da ke rubuce, harafi da harafi. A rubuta yarjejeniyar ciniki da shaidu. Baburan sata suna yawo a kasuwa, an kuwa sha ganin bayin Allah a ofishin 'yan sanda saboda sun sayi abin da ba su san asalinsa ba. Bayan saye a yi masa rajista a ɗaura lamba, a yanki inshora. Duk wadda ta ware kuɗin babur ba ta ware na lamba da inshora da hular kwano ba, kuɗinta bai cika ba tukuna.

Maganar hular kwano tana ba ni takaici. Lokacin da aka fara tilasta sa ta a ranar 1 ga Janairu 2009, sai aka ga wasu sun kifa ƙwarya ko bokitin fenti a ka don su yi wa hukuma wayo, jama'a suna ta dariya. To, wa aka yi wa wayon? Bincike ya nuna hular kwano ta ƙwarai tana rage haɗarin mutuwa da wajen kashi 40 cikin 100, raunin kai kuwa da wajen kashi 70. Da yaron nan da na koyar yana sanye da ita, wataƙila da yanzu yana jami'a. A sayi wadda ta kama kai daidai, a riƙa ɗaure igiyarta a ƙarƙashin haɓa, domin wadda ba a ɗaure ba ita ke fara tashi. Wadda ta taɓa buguwa da ƙarfi kuma a sake ta, ko da ba a ga tsaga ba.

Ƙannena 'yan makaranta, ga taku. Ni ban ga aibu ba ga 'ya mace ta hau babur in iyayenta ko mijinta sun yarda. Wanda ya je Yamai ko Maraɗi ya ga mata ma'aikata da ɗalibai suna tuƙa kayansu cikin mutunci. Ni a ganina yarinya ta tuƙa kanta zuwa kwaleji ya fi ta tsaya bakin titi kowane mai mota yana tsayawa yana yi mata tayin rage hanya. Amma mu mata muna da wani haɗari namu na daban, shi ne tufafinmu. Dogon hijabi, da gyale, da gefen abaya, in iska ta kaɗa su suka shiga cikin sarƙa ko tayar baya, cikin ƙiftawar ido za su fizge mutum ƙasa, wani lokaci ta wuya. Wannan ya shafi mai tuƙi da wadda aka goya. Saboda haka kafin a tashi a tattare hijabi a zauna a kansa, ko a sa matsakaici. A sa wando a ƙarƙashin zane. A tabbata murfin sarƙa yana nan, kada a bar makanike ya cire shi ya jefar. A cire babban ɗauri a sa ƙaramin ɗankwali yadda hular kwano za ta zauna. A sa takalmi mai rufi, domin silifa yana zamewa daga kan birki, salansa kuma tana ƙona ƙafa. A kuma koyi amfani da birki biyu tare. Na gaba shi ya fi tsai da babur, amma in aka damƙe shi da ƙarfi cikin yashi ko a kwana, zamewa za a yi.

Na san wata za ta ce, Malama, duk mun ji, amma yaron da bai kai 18 ba yaya zai yi da nisan makaranta? Akwai keke, wanda iyayenmu suka yi karatu da shi ba su ragu da komai ba, kuma a kan keke yaro yake fara sanin halin titi. Akwai haɗa kuɗi da maƙwabta a ɗauki shatar ɗan sahu guda na wata. Akwai yayansa ko kawunsa mai lasin da zai iya sauke shi. Ko wanne daga cikin waɗannan yana da wahalarsa, amma ba ta kai ta zaman jinya a sashen ƙashi ba. Sannu ba ta hana zuwa.

Mu mata mu ne muke gida, mu muka san inda maigida yake rataye makulli, mu ne kuma muke cewa, "Ɗauki mashin ɗin babanka ka sayo mini gishiri." Daga aiken gishirin nan ake farawa. Ki zauna da maigida ku yi magana ɗaya, domin in uba ya hana uwa ta bayar ta bayan gida, an yi aikin banza. In lokacin ya yi kuma, a kafa sharaɗi tun ranar farko, ba goyon fiye da mutum ɗaya, ba waya a hannu, ba tseren biki, ba fitar dare, ba ba da aro. Wanda ya saɓa, makulli ya koma ɗakin uwa. A kuma sa ya haddace lamba 122, wadda ake kiran Hukumar Kiyaye Haɗurra da ita kyauta in wani abu ya faru.

Maƙwabciyata dai ta sayi keke, sauran kuɗin ta ƙara a jarin ɗinki. Yaron ya yi kwana biyu yana fushi, yanzu ya huce, har ya zo ya ari littafin dokokin hanya a wurina. Na yi masa alkawari in Allah ya kai mu ya cika 18 ya kawo mini lasin na gani da idona, hular kwanonsa ni zan saya.

Allah ya tsare mana zuri'armu a hanya da gida, ya sa mu gane, amin. Sai mako mai zuwa in Allah ya yarda.