Mai Keke Ma Yana da Haƙƙi a Kan Kwalta

Duk wanda ya san ƙasar Gaya da Ajingi ya san cewa keke a can ba abin wasan yara ba ne. A kansa manomin Balan yake ɗaura buhun taki ya nufi gona, a kansa mai sayar da kayan koli yake zaga ƙauyuka, a kansa kuma ɗalibin da gidansu ke nesa da makarantar sakandare yake isa aji kafin a kaɗa ƙararrawa. Tun da aka janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota da na babur suka haura, kekunan da aka jingine a zaure suka sake fitowa. Sai dai kwaltar da suka fito suka tarar, an shimfiɗa ta ne da tunanin mota kaɗai.

Idan aka kaɗe mai keke, abin da aka saba ji shi ne, ai ba ya lura, ko kuwa kwanansa ne ya ƙare. Mun yarda ajali na hannun Allah. Amma a ganina, babban abin da ke kashe masu keke a hanyoyinmu shi ne gudun mota a inda mutane suke, kuma wannan abu ne da ake iya aunawa, ake iya ragewa.

Bari mu duba lissafin, domin ɗan aji huɗu na sakandare ma zai iya bin sa. Ƙarfin da abu mai motsi yake ɗauke da shi ba ya ƙaruwa daidai da gudunsa. In gudu ya ninka sau biyu, ƙarfin ninkawa yake yi sau huɗu. In ya ninka sau uku, ƙarfin ya zama ninki tara. Wato motar da ke gudun kilomita 60 a awa, ƙarfin dukanta ya ninka na mai gudun kilomita 30 har sau huɗu. Mai keke kuwa ba shi da ƙarfen da zai tare masa wannan duka, ƙashinsa da namansa ne za su karɓe shi.

Sa'an nan ga maganar birki. Daga lokacin da idon direba ya hango yaro a kan keke zuwa lokacin da ƙafarsa za ta taka birki, akan ɗauki kamar daƙiƙa guda. A cikin wannan daƙiƙar, mota mai gudun kilomita 80 ta riga ta ci mita 22, birki bai ma fara aiki ba. Bayan ya kama, tana bukatar kamar mita 35 kafin ta tsaya, in kwaltar busasshiya ce kuma tayoyin na da kyau. Jimilla kusan mita 60 ke nan, fiye da rabin filin ƙwallo. Mai gudun kilomita 30 kuwa, cikin mita 13 ko 14 ya tsaya cik. In tirela ce ɗauke da kaya, ko an yi ruwa, ko yashi ya hau kwalta, to, tazarar ta fi haka nesa. Babbar mota ma ba sai ta taɓa mai keke ba: iskar da take kaɗawa in ta gifta shi kurkusa ta isa ta karkatar da shi, balle in akwai buhu a bayansa.

Saboda irin wannan lissafi ne taron ministocin duniya kan kiyaye haɗurra da aka yi a Stockholm a watan Fabrairu na 2020 ya nemi a tsaida gudu a kilomita 30 duk inda motoci ke cakuɗuwa da masu tafiya a ƙasa da masu keke. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a kan hanya kowace shekara, kuma haɗarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Masu karanta wannan mujalla ke nan.

An taɓa yi wa keke kamfe a ƙasar nan. A shekarar 2001, Ministan Sufuri na lokacin, Ojo Maduekwe, ya yi ta kiran jama'a su koma hawan keke, har shi da kansa ya hau a Abuja, sai wata bas ta kaɗe shi ya faɗa rami. Mutane suka yi dariya, zancen ya mutu. Ni kuwa ina ganin rahoto mafi gaskiya da aka taɓa ba ministan ke nan: ya kira mutane su hau hanyar da ba a yi musu wuri a kanta ba.

A ƙasar Holan, daga ƙasa abin ya faro. A 1971 mutum wajen 3,300 suka mutu a hanyoyin ƙasar, fiye da 400 daga cikinsu yara ne. Iyaye suka kafa ƙungiya mai suna Stop de Kindermoord, ma'ana a daina kashe yara, suka yi ta matsa wa hukumomin garuruwansu lamba. Hanyoyin keke da ake yaba wa ƙasar da su a yau, wannan matsin lamba na cikin abin da ya haife su. Ba wanda ya ce Balan ta zama Amsterdam. Aljihun ƙaramar hukumar Gaya ba zai ɗauka ba. Abin koyi shi ne masu abin ne suka tashi.

Mu ma mukan tashi, sai dai bayan an yi rashi. Ran da mota ta kashe yaro, matasa su fito cikin fushi su tara ƙasa da duwatsu su yi tudu a tsakiyar kwalta. Irin wannan tudu, ba alama ba fenti, da dare mai babur da mai keke yake fara kayarwa. Tudun rage gudu na ƙwarai yana da faɗi, yana hawa a hankali, an shafa masa fenti, an kuma kafa allon gargaɗi kafin a iso shi. Bayan shi, abin da ya fi dacewa a nema shi ne a gyara gefen kwalta a kusa da makarantu da kasuwanni, a cike inda ruwa ya zaizaye, a hana kasa kaya da ajiye motoci a kai, domin mai keke ya sami inda zai bi ba tare da ya kutsa tsakiyar hanya ba. Su ma mahaya da nasu: birki mai kamawa, fitila, da abu mai ƙyalli a baya, domin baƙin keke bayan magariba ba ya ganuwa.

To, wa zai fara? Ina ganin malaman kimiyya da ɗalibansu. A auna mita 100 a gefen hanyar da ta wuce kusa da makaranta, a tsaya nesa da kwalta, malami na wurin. Ɗalibi ɗaya ya ɗaga hannu in mota ta shiga, wani ya duba agogon waya har ta fita. A raba 360 da yawan daƙiƙun, abin da ya fito shi ne gudunta a awa: daƙiƙa 12 kilomita 30 ke nan, daƙiƙa 6 kilomita 60, daƙiƙa huɗu da rabi kilomita 80. Wasu kuma su ƙirga kekunan da suka wuce da safe da lokacin tashi. A yi haka mako biyu, a haɗa da ranar Juma'a da motocin kasuwar Wudil ke zirga-zirga.

Takardar da ke ɗauke da waɗannan alƙaluma ta fi ƙorafin baki nauyi. A kai ta wurin dagaci da hakimi, da kansilan mazaɓar Balan, da shugaban ƙaramar hukuma, a kuma aika wa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa tun 1988 domin wannan aiki, da KAROTA. A fara binciko mai hanyar, ta tarayya ce, ta jiha ce ko ta ƙaramar hukuma, kada kowane ofis ya tura ku wani. Ranar 3 ga Yuni, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe wa keke tun 2018, ta dace da miƙa takardar. In makarantun Ajingi suka yi nasu awon a hanyoyinsu, sai a haɗa a kai tare, a kuma sake awon da hunturu, lokacin da hazo ke rage nisan da direba yake hangowa.