Da Wace Bindiga Aka Fitar Da Yuraniyam Daga Zariya?

Tun daga watan Yunin 2025, lokacin da Amurka ta yi luguden wuta a kan cibiyoyin nukiliyar Iran na Fordo da Natanz da Isfahan, wata magana ta zama ruwan dare a rubuce-rubucen matasanmu: wai ƙasar da ke kwaɗayin makamin ƙare-dangi ba ta jin kira sai ta sha wuta, zaman teburi kuwa ɓata lokaci ne. Ana rubuta ta cikin nishaɗi, kamar sharhin ƙwallon daren jiya. Mu da muke zaune tsakanin Bafarawa da Isa da Sabon Birni ba mu yarda ba, domin irin wannan wuta ta sha biyo wa ta ƙofarmu.

Mu fara da maƙwabta. A watan Janairun 2003 Shugaba Bush ya tsaya gaban majalisar ƙasarsa ya ce Saddam Hussein ya nemi yuraniyam a Afirka. Nijar ake nufi, mai ma'adinan Arlit. A watan Maris na shekarar, shugaban hukumar kula da makamashin nukiliya ta duniya, IAEA, Mohamed ElBaradei, ya shaida wa Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya cewa takardun cinikin na jabu ne. Ba a yi sati biyu ba aka afka wa Iraƙi. An birkice ƙasar kaf, ba a samu bam ko ɗaya ba. Sufetocin da ake yi wa dariya su ne suka faɗi gaskiya.

Sai Libiya. A watan Disambar 2003 Gaddafi ya miƙa shirinsa na nukiliya bayan tattaunawar sirri da Amurka da Ingila. Masu son bulala za su ce ai tsoron abin da ya sami Saddam ne ya sa shi. Ko da mun ba su wannan, a teburi aka ƙarasa maganar, sufetoci ne suka shiga, jiragen dakon kaya suka kwashe na'urorin. Shekara takwas bayan haka jiragen NATO suka taimaka aka kifar da shi. Ba don nukiliya aka yi yaƙin 2011 ba, amma Koriya ta Arewa ta fito fili a lokacin ta ce ga makomar wanda ya ajiye makaminsa, ta ƙara riƙe nata gam. Rumbunan makaman Gaddafi kuma aka wawashe su, suka bazu zuwa Mali da Nijar. Ba mu ce kowace bindigar da ke dajin Gobir daga Libiya ta fito ba. Sai dai duk wanda ya tuna watan Mayun 2020, da aka kashe mutum fiye da saba'in a ƙauyukan Sabon Birni, ya san abin da arhar bindiga ke jawowa.

To ga labarin da ba ma ganinsa a rubutun kowa, alhali a gida ya faru. A Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya akwai ƙaramar tukunyar nukiliya ƙirar Sin, wadda ta fara aiki a 2004, ana gwajin ƙasa da ma'adinai da ita. Makamashin cikinta yuraniyam ne da aka tace har kashi 90 cikin ɗari, wato daidai irin wanda ake bam da shi. Nauyinsa kusan kilo ɗaya ne, bai isa bam ba, amma ba abin da za a so ya faɗa hannun 'yan ta'adda ba ne. A ƙarshen 2018 aka sauya shi da mai kashi 13, aka ɗora tsohon a jirgi aka mayar da shi ƙasar Sin. Masanan Najeriya da na Sin da na Amurka da IAEA ne suka yi aikin tare, bayan shekaru ana tarurruka da sa hannu a takardu. Ba a jefa ko tsakuwa ba, tukunyar kuma ta ci gaba da aikinta. Ba shi da armashi, shi ya sa ba ya samun masu yaɗawa.

Mun san amsar da za ta zo, kuma daga wajen mutanenmu ma. Za a ce: ku ne za ku yabi sulhu, ku da kuka ga wanda aka yi da 'yan bindiga a Zamfara a 2019, aka kuma wayi gari irin su Bello Turji na ɗora wa ƙauyuka haraji? Tambaya ce mai nauyi. Amma a duba abin da ya ɓace a wancan sulhu. Wa ya ƙirga bindigogin da ke daji kafin a karɓi waɗanda aka miƙa? Wa ya koma bayan wata uku ya duba? Wane hukunci aka tanadar wa wanda ya saɓa? Babu. Wannan musabaha ce gaban kyamara, kada a haɗa ta da diflomasiyya.

Yarjejeniyar Iran ta 2015 tana da duk abubuwan nan uku. An kayyade tacewa a kashi 3.67, an girke kyamarori, sufetoci na shiga suna awo, takunkumi na jiran ta idan ta karya. Matsin lamba yana nan, amma a bayan teburi yake tsaye. IAEA ta sha tabbatar da cewa Iran na cika sharuɗɗan, har Trump ya fice a watan Mayun 2018. A 2021 Iran ta kai tacewa kashi 60. Kafin harin Yunin 2025 hukumar ta san akwai fiye da kilo 400 na irin wannan yuraniyam, don ita ta auna shi. A watan Yuli Iran ta dakatar da hulɗa da ita, sufetocin suka tattara kayansu suka bar ƙasar.