Itatuwa sun dawo gonakin Gazawa, amma ba duka ba

Matafiyin da ya bi babbar hanya daga Maraɗi zuwa Tasawa, ta Agiye da Gazawa, zai ga gonakin hatsi cike da itatuwa. A farkon shekarun 1980 ba haka suke ba. Noman gyaɗa ya cinye daji, yawan jama'a ya hana a bar gona ta huta, farin 1973 da na 1984 suka ƙarasa saura. Dokar daji ta 1974 kuwa ta sa itatuwa a hannun gwamnati, saboda haka manomi yakan sare ɗan icce tun bai girma ya jawo masa tara ba.

A shekara ta 1983 wani ɗan Ostareliya mai aiki da mishan a Maraɗi, Tony Rinaudo, ya lura cewa ƙananan tsiran da ake sassabewa kowace bazara toho ne na kututturan da ba su mutu ba. In an bar rassa kaɗan masu ƙarfi, aka datse sauran, sai su zama icce. Wannan dabara ita ce sassaben zamani. Ƙauyen Ɗan Saga na gundumar Agiye ya yi suna a kanta, inda aka kafa kwamitocin tsaron itatuwa da suka haɗa manoma da mata da makiyaya. A 2009 masu bincike suka ƙiyasta cewa an raya kimanin ekta miliyon 5, da itatuwa miliyon 200, galibi a jihohin Maraɗi da Damagaram.

Sai dai dajin da ya dawo ba shi ne wanda ya tafi ba. Sabara da kalgo da taramniya su suka fi yawa, domin suna jure fari, kuma ko sau nawa aka sare su sai sun toho. Gawo ma ya yaɗu: bisashe suna cin ƴaƴansa su watsa irin cikin kashinsu, manomi kuma yana son sa don yana kaɗe ganye da damana, ba ya danne hatsi.

Ƙirya da ɗanya da faru da kanya da ɗorawa kuwa sun yi ƙaranci. Wasu suna bukatar ruwan da ya fi na yanzu, wasu awaki ke cinye tsiransu, ƙirya kuma masassaƙan turmi da maƙera ba su ɗaga mata ƙafa ba. Inda kututture ya mutu, sassaben zamani ba shi da abin da zai raya. Sai an shuka.

A watan Yuli na 2020 gwamnati ta yi dokar da ta ba manomi iko da itatuwan da ya raya. Yanzu ya kamata ma'aikatan gandun daji su riƙa ƙidaya iri-iri, ba yawan itatuwa kawai ba, su kuma kai dashen waɗanda suka ɓace cikin ƙauyuka. Ƴan kasuwa ma abin ya shafe su: itacen girki ya wadatu, amma kalwa da turmin ƙirya ba a samun su a jikin sabara.