Kada Sunan Aradu Ya Bi Jirginsa

Mutumin Shuwak, a Jihar Gadarif ta Sudan, ya fi sanin kwalekwalen masunta a kogin Atbara fiye da jirgin yaƙi. Amma titin da ya ratsa garinsa ya bi ta Kasala har Fot Sudan, bakin Bahar Maliya, kuma a kudancin wannan teku ne, kusa da tsibirin Perim, wani jirgin yaƙin Birtaniya mai suna HMS Khartoum ya kama da wuta ya nutse a watan Yunin 1940. Turawa sun daɗe suna aron sunayen Afirka suna liƙa wa jiragensu. Abin lura shi ne yadda suke riƙon wasu daga cikin sunayen ko bayan jirgi ya mutu.

A duba sunan Nubian, wanda aka ɗauko daga al'ummar Nubiya ta bakin kogin Nilu. Jirgin farko mai wannan suna an saka shi ruwa a 1909. A watan Oktoban 1916 Jamusawa suka harbe shi a mashigin Dover, gabansa ya guntule. Ba a jima ba wani jirgin mai suna Zulu ya taka nakiya, shi kuma ya rasa bayansa. Sai maƙeran Chatham suka ɗauko gaban Zulu suka haɗa da bayan Nubian, aka samu jirgi guda, aka raɗa masa Zubian, ya koma fagen daga a 1917. Duk da haka sunan asali bai ɓace ba. An sake ƙera wani Nubian a 1937, ya sha gumurzu a Yaƙin Duniya na Biyu, sannan na uku ya biyo baya a 1960. Kowane sabo yana gādon allon da aka rubuta yaƙe-yaƙen magabatansa, ta yadda ƙaramin matuƙi zai karanta tarihin gidansu tun ranar da ya fara taka jirgin.

Bahaushe bai buƙatar dogon bayani a nan. Ko a Shuwak ko a Kano, idan kaka ya rasu ana mayar wa jika sunansa, a riƙa kiran yaron Abba ko Baba, ana ganin girmansa tun yana rarrafe.

To ina Najeriya ta tsaya? Rundunar sojan ruwanta ta taɓa yin hikima wajen raɗin suna. Jiragen da ta sayo daga Ingila a 1972 sunayensu Dorina da Otobo, daga baya Erinomi da Enyimiri suka zo, duk dabba ɗaya ce a harsunan ƙasar daban-daban. Akwai Damisa, akwai Kyanwa. Sai kuma babbansu, NNS Aradu, wanda kamfanin Blohm & Voss na Hambug ya ƙera, ya fara aiki a 1982, kuma a 2005 ya tafi har Portsmouth bikin cika shekara 200 da yaƙin Trafalgar, inda ya jera da jiragen manyan ƙasashe.

Sai dai riƙon sunayen bai yi ƙarfi ba. NNS Nigeria, wanda aka ƙera a Holan a 1965, yana cikin jiragen da suka sauke sojoji a Bonny a Yulin 1967, lokacin yaƙin basasa. Daga baya aka sauya masa suna zuwa Obuma.  Kwatanta da Indiya: tsohon HMS Nigeria da ta saya daga Birtaniya ta mayar da shi INS Mysore a 1957, kuma da ya tsufa, sai ta raɗa wa wani sabon jirgi Mysore a 1999.

Akwai misali mai kyau a gida. Jirgin auna teku NNS Lana na 1976 ya samu takwara a 2021, lokacin da sabon Lana ya iso Legas daga Faransa. Wannan ya nuna rundunar ta san hanyar, abin da ya rage shi ne ta mayar da ita ƙa'ida.

Wasu za su ce sabon jirgi ya cancanci sabon suna, kuma ƙasa mai ɗaruruwan harsuna tana da sunaye masu jiran layi. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, kuma ƙananan jiragen sintiri sun isa su ɗauki wannan nauyi. Amma manyan sunaye, waɗanda mutane suka yi aiki a ƙarƙashinsu, wasu ma suka rasa rayukansu, ba na watsarwa ba ne. Aradu ya haura shekara 40 a ruwa. Kamata ya yi tun yanzu hedikwatar sojan ruwa a Abuja ta rubuta cewa babban jirgin da zai gaje shi Aradu za a kira shi, a kuma adana ƙararrawarsa da kundin tafiye-tafiyensa don a miƙa wa magajin.