Kaki Kaɗai Ba Ya Yin Runduna

A watan Oktoba na 2023 Gwamna Dikko Raɗɗa na Katsina ya ƙaddamar da 'yan sintirin C-Watch, samari sama da 1,400 daga ƙananan hukumomi takwas da 'yan bindiga suka addaba, har da Jibiya. Abu ya yi kyau. Amma abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne halin nan namu da kai ma ka sani: a tara yara, a ɗinka kaki, a raba babura, a yi fareti, a ɗauki hoto, sai oga ya shige mota ya koma ofis, wai ya kafa runduna. Wace runduna?

Haba jama'a! Yaron da jiya yake gona, yau an tsayar da shi a bakin iyaka, bai gama sanin abokan aikinsa ba, bai san wa zai kira in dare ya ɓaci ba, ga kwastan, ga 'yan shige da fice, ga soja, ga 'yan sanda, kowa da nasa ogan. Wa zai nuna masa inda ikonsa ya tsaya? Duk wanda ya tarar a kusa, shi ne malaminsa.

Kuma mun san makarantar. Bi hanyar Katsina zuwa Magamar Jibiya ka gani: shinge bayan shinge, direba ya rage gudu, ya zuro hannu ta taga da 'yar takarda a dunƙule, a ja katako mai ƙusa, a wuce. Ba sallama, ba bincike. Yaro na tsaye yana kallo. An rufe iyakar nan a 2019, an sake rufewa a 2023 bayan juyin mulkin Yamai, shinkafa da fetur ba su fasa ratsa daji a kan babura ba. Cikin wannan kasuwa za ka jefa sabon shiga, ka juya baya, gobe ka fito rediyo kana kukan yara sun lalace? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Wanda aka damƙa wa sababbin yara a Jibiya, ya kwana inda suke kwana. Ya san sunan kowa, ya raba rigimar farko da kansa, ya bi alawus ɗinsu har ya shiga aljihunsu. In ba zai iya ba, wallahi ya ajiye hular.