Tsohuwar mota ta karkace? A auna da waya da tef kafin a sayi shokozoba

Matasa da yawa sun saba da ɗan ƙaramin na'urar OBD da ake sokawa a mota, ta turo wa waya bayanin matsala ta Bluetooth. Sai dai wanda ya gaji Peugeot 504 ko Marsandi W123 ba shi da wannan gatan. An fara ƙera 504 a 1968, kamfanin PAN na Kaduna kuma ya fara harhaɗa motocin Peugeot a 1975, alhali tsarin OBD-II sai a 1996 ya zama dole a Amurka. Babu inda za a soka na'urar. Ko da ma akwai, ba ta ganin sifirin da ya gaji.

Wannan ne ya sa idan gaban irin wannan mota ya zauna, ko ta jingina gefe guda, abin da aka fi ji a gareji shi ne a canza shokozoba. Sau da yawa asarar kuɗi ce kawai. Sifirin ne ke ɗaukar nauyin mota, shi ke tsayar da ita. Aikin shokozoba shi ne kashe tsalle bayan an faɗa rami. Sabon shokozoba ba zai ɗaga motar da sifirinta ya lanƙwashe ba.

Abin da ya kamata shi ne a fara da awo. A ajiye motar a shimfiɗaɗɗen siminti, a kwashe kayan but, a daidaita iskar tayoyi. Sannan a auna daga tsakiyar wili zuwa bakin ƙarfen da ke saman taya, a duk kusurwa huɗu, a rubuta a waya. Dole a haɗa da baya, domin idan sifirin baya na hagu ya gaji, gaban dama na iya ɗagawa, mai mota ya yi ta kashe kuɗi a gaba alhali ciwon yana baya.

Daga nan waya take shigowa. Kyamarar da ke ɗaukar bidiyo a hankali tana nuna abin da ido ba ya kamawa: mutum ɗaya ya danna kusurwar mota da ƙarfi ya saki, wani ya ɗauka. Idan ta taso ta tsaya, shokozoba yana aiki. Idan ta ci gaba da lilo, ya mutu. Manhajar auna karkata, irin wadda ke cikin Measure na iPhone da makamantanta a Android, tana iya nuna ko taya ta kwanta ciki, idan aka jingina wayar a kan miƙaƙƙen ƙarfe a jikin wili. Tocilan ɗin waya kuma yana tona tsagewar roba, yoyon mai, da tsatsa.

Kowace mota da inda take ɓoye laifinta. A gaban 504, sifirin yana zaune ne a jikin shokozoba, tsarin da ake kira MacPherson, don haka a duba mazaunin sifirin da inda ya haɗu da jikin mota a sama. A W123 kuwa sifirin da shokozoba a rabe suke, kuma akwai robar da ke saman sifirin mai kauri daban-daban. Idan wani bakanike ya taɓa sa masu kauri mabambanta a hagu da dama, motar za ta karkace ko da sifirin lafiya lau yake. Akwai kuma kuskuren ɗaure bushin tam yayin da mota ke kan jak: tana sauka sai robar ta murɗe, gaban ya tsaya sama, ba da jimawa ba bushin ya yage.

Wani zai ce tsohon bakaniken da ya shekara 30 yana gyaran ƙafar Fijo ba ya bukatar waya. Gaskiya ne, kunnensa da hannunsa sun fi kowace manhaja, kuma waya ba ta maye gurbin injin alaimen. Amma wanda ya zo da lambobi huɗu da bidiyo ba a cika yi masa gwaji da aljihunsa ba, kuma bakanike nagari shi ma aiki yake samun sauƙi.

Iyakar waya ita ce bincike. Sifirin da aka matse yana iya kashe mutum idan ya kuɓuce, don haka cire shi aikin mai kayan aiki ne, ba na wanda ya kalli bidiyo a YouTube ba. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. Idan kuma awo ya tabbatar sifirin ne, a canza na hagu da na dama tare, sannan a kai ta alaimen.